Yanda ake kiwon ƙudan zuma marar harbi, tun daga kamu har ɗiban zuma

Bari in fara da abinda zai iya sa wasu su fasa tun yanzu, dan gara mutum ya fasa da wuri da ya je ya kashe ƙuda a banza. In kai jarkoki kake so ka cika da zuma toh wannan kiwon ba naka bane, ka tsaya kan ƙudan zuma da kowa ya sani wanda amya ɗaya in ta samu kula zata iya baka kilo 15 ko 20 a shekara. Shi marar harbi ƙananan cikinsu da ƙyar suke haɗa maka kilo 1 a shekara cur, wasu ma rabin kilo ne, manyan ne irin su Melipona na ƙasashen Latin Amurka suke kaiwa lita 2 ko 3 in wuri ya karɓe su. Amma zumar tasu daban ce, ruwa-ruwa ce ga ɗan tsami ga ƙamshi, sannan zaka iya ajiye akwatin a bayan ɗaki yara na wasansu a gefe, ba ruwanka da rigar kariya ba ruwanka da hayaƙi, kuma wajen barbarar furen mangwaro da kofi da afokado suna aiki sosai. Su Melipona har girgiza fure suke da jikinsu garin ya zubo, abinda furen tumatir yake buƙata kenan kuma ƙudan zuma mai harbi bai iya wannan ba.

Masana suna kiran dangin gaba ɗaya Meliponini, iri sama da 500 ne aka sani, kuma duk a ƙasashen zafi suke, kudanci da tsakiyar nahiyar Amurka inda suka fi yawa, sai Afirka, kudu maso gabashin Asiya, da arewaci da gabashin Ostareliya. A Afirka akwai su Meliponula da Hypotrigona da Plebeina da Dactylurina, 'yan mitsi-mitsin nan galla da suke damun mutum a ido in yana gumi ma cikin dangin suke. Mutanen Maya na yankin Yukatan a Meziko tun kafin zuwan Turawa suke kiwon Melipona beecheii a cikin gungumen itace da aka rarake aka toshe gefe da gefe, so ba sabon abu bane. Ƙarin harbin, wato 'yar allurar da ƙudan zuma ke harbi da ita, yana nan a jikin marar harbin ma amma ya ƙanƙance baya aiki. Kar kuma ka ɗauka basu da faɗa, suna cizo, wasu su shige maka gashi da kunne su liƙe, wasu su shafa wa abokin gaba ƙaro, akwai ma Oxytrigona a Latin Amurka da yake fitar da wani ruwa mai ƙuna da yake tayar da fata. Wannan ba'a fara kiwo da shi.

Ka san cikin gidan kafin ka taɓa shi

Nan ne mutane suke yin ɓarna, suna shigowa da ilimin ƙudan zuma mai harbi su ɗora akan wannan alhali ginin ba ɗaya bane ko kaɗan. Babu saƙa mai zuma a ciki. Abinda suke gini da shi haɗin kaki ne da ƙaron itace, launin ƙasa-ƙasa mai taushi, da shi suke yin bututun ƙofa, da shi suke ƙera 'yan tuluna masu siffar ƙwai da suke zuba zuma a wasu, garin fure a wasu daban. 'Ya'yan kuma suna can tsakiya a nasu ɓangaren, yawancin iri a jere suke yinsu faifai kan faifai a kwance, Tetragonula carbonaria na Ostareliya nasa murɗaɗɗe ne yana hawa sama, su Hypotrigona kuma curi-curi suke tara ɗakunan ba wani tsari. Da yawa suna lulluɓe wajen 'ya'yan da bawo-bawo na kaki dan riƙe ɗumi.

Ga abinda ya fi muhimmanci, su basa ciyar da tsutsa kullum. Ma'aikata zasu gina ɗaki su zuba abinci mai ruwa-ruwa har ya kusa cika, sarauniya tazo ta tsayar da ƙwai ɗaya a saman abincin, a rufe ɗakin shikenan sai ranar da ƙuda zai fito. Kaga kenan in ka karkata akwati ko ka kifa shi ko ka buga shi da ƙasa ƙwan zai nutse a cikin abincin ya mutu, kai kuma baka sani ba sai bayan sati biyu ka ga gida yana ja baya. Kuma daga ƙwai zuwa ƙuda kwana 40 zuwa 50 ne a yawancinsu, shi mai harbi kwana 21 ne, dan haka duk asarar da ka jawo musu sai sun daɗe kafin su mayar. Sarauniyar in ta fara ƙwai cikinta kumbura yake har bata iya tashi, shi yasa basa gudu su bar maka akwati fanko yanda mai harbi yake yi, amma shi yasa kuma in wuri ya ɓaci basu da mafita, nan zasu mutu.

Samun ƙudan

Hanya mafi sauƙi ka saya wajen mai kiwo, gida mai ƙarfi da ya riga ya zauna a akwati, kuma irin da dama yake rayuwa a yankin da zaka ajiye shi. Ɗauko iri daga wata ƙasa ko wani yanayi daban ba dabara bace, ko ya mutu ko ya kawo wa na wurin cuta. Wasu ƙasashen ma doka ce, Burazil tana da ƙa'idar hukumar muhallinta ta CONAMA mai lamba 496 ta shekarar 2020 akan wannan kiwon, so ka duba ko inda kake akwai irin haka.

Abinda ni bana goyon baya sam shine sare bishiya mai rai dan a ciro gida. Kogon da suke ciki shekaru masu yawa ya ɗauka kafin ya samu, kuma mafi yawan gidajen da ake fasawa da gatari basa rayuwa. In bishiyar dama ta faɗi ko za'a rushe bangon da suke ciki toh wannan ceto ne, ka yanko gungumen gaba ɗaya ka toshe sama da ƙasa da katako, ka ɗauke shi a tsaye yanda yake tun asali. Waɗanda suke gida a ƙarƙashin ƙasa ko cikin suri kaman Meliponula beccarii da ake haƙo zumarsa a Habasha, sabon shiga ya ƙyale su, akwatin katako baya riƙe musu sanyi da laimar da suka saba.

Sai tarko, wanda shine na fi so dan ba'a taɓa uwar gidan ko kaɗan. Dalilin da yasa yake aiki shine yanda suke yin sabon gida, basa tashi rututu rana ɗaya, ma'aikata ne suke fara nemo kogo kusa su share su toshe tsaga, su dinga jigilar kaki da abinci daga gidan uwa kwana da kwanaki, sai daga baya budurwar sarauniya ta biyo da rakiya, kuma ko bayan ta tare jigilar tana cigaba har makonni. Toh kai kogon zaka samar musu. Ka samu gorar roba mai lita 2 ga ƙananan iri, mai lita 5 ga manya, ka wanke ta bushe. Ka jiƙa ƙaro da kakin marar harbi a cikin sifirit mai kyau kaman sati biyu zuwa wata kana girgizawa har ruwan yayi duhu, ka zuba a gorar ka jujjuya ya shafi ko'ina ka tsiyaye ka barta ta sha iska, ka maimaita sau biyu ko uku har warin sifirit ya fita ƙamshin ƙaro ya rage. Ka naɗe ta da jarida ko kwali da kauri saboda zafi, ka rufe da baƙar leda dan haske kar ya shiga ko kaɗan, a bakin ka saka ɗan lanƙwasasshen bututu yana kallon ƙasa saboda ruwan sama. Ka ɗaure a jikin bishiya mai inuwa tsayin mita 1 zuwa 2 a wajen da ka san akwai gidajensu kusa, lokacin da fure yayi yawa. Ka saka da yawa dan ba kowanne ke kamawa ba, wasu tururuwa ce zata shiga wasu gizo-gizo. In ka ga sun gina ƙofa a bakin bututun suna shige da fice kar ka yi rawar jiki ka ɗauke, basu yanke da gidan uwa ba tukuna, ka basu wata biyu aƙalla.

Akwai kuma dabarar jona akwati a bakin gidan da yake cikin bango ko bishiyar da baza'a taɓa ba, ka haɗa ƙofarsu da bayan akwatinka da tiyo ka liƙe ko'ina yanda dole sai ta cikin akwatin zasu fita. A hankali zasu fara ajiye tuluna a ciki wataran ka ga 'ya'ya. Tana cin watanni wani lokacin fiye da shekara, wani lokacin ma su maida akwatin sito kawai.

Akwati

Katako busasshe marar magani marar warin fenti a ciki, kaurinsa kar ya gaza santimita 2 da rabi, in ya kai 4 ya fi dan kaurin ne yake tare zafin rana da sanyin dare. Kuskuren da aka fi yi shine yin akwati ƙato wai dan su samu wuri su tara zuma, alhali fili in yayi musu yawa basa iya ɗumama shi basa iya tsaronsa. Tsarin da ya fi yaɗuwa shine na cibiyar binciken Amazon ta INPA a Burazil, hawa-hawa ne, ƙasa ɗakin 'ya'ya, samansa wani ɗakin 'ya'yan da rami a tsakanin su dan faifan su cigaba da hawa, sama kuma ɗakin zuma da 'yar hanya a gefe wacce ma'aikata zasu wuce. Faɗin ciki kaman santimita 12 da 12 ga ƙanana irin wanda ake kira jataí a Burazil, har zuwa 20 da 20 ga manyan Melipona. 'Yan Ostareliya nasu OATH suke ce masa, wajen santimita 20 da 28 ta waje, hawa biyu ne da ake rabawa a tsakiya. Ko wanne ka bi ka auna faɗin faifan 'ya'yan irin da kake da shi ka ƙara ɗan fili a gefe, shine ma'auninka. Ƙofa rami ɗaya ƙarami, su zasu gyara ta yanda suke so. Ka shimfiɗa farar leda mai kauri wacce ake gani ta ciki a ƙarƙashin murfi, in kana son leƙawa sai ka ɗaga murfin kawai ba tare da iska ko ƙwaro ya shiga ba.

Juyawa daga gora ko gungume zuwa akwati

Wannan aikin minti kaɗan ne amma shine yake raba gidan da zai rayu da wanda zai ruɓe. Ka zaɓi safiya mai ɗumi ba ruwa ba iska, ka tanadi komai a gabanka kafin ka yanka, wuƙa, salatif mai faɗi, ruwa da tsumma, kwano mai murfi. Ka mulmula 'yan ƙwallayen kaki uku ko huɗu ka ajiye a ƙasan akwatin dan faifan 'ya'ya su zauna akai ƙuda ya samu hanyar wucewa ta ƙasa. Ka ɗago 'ya'yan gaba ɗaya a dunƙule, sama na sama ƙasa na ƙasa, kar ka matse. Sarauniya yawanci tana cikinsu, in ka ganta a waje kar ka kama da yatsa, ka sa mata ɗan ɓallin kaki ta hau ka kaita.

Tulunan garin fure kar ka saka ko ɗaya, na zuma ma sai wanda bai fashe ba bai jiƙe ba, in kana shakka ka barsu duka a kwano ka rufe, gobe ka basu ruwan suga. Na san yana da wuya mutum ya raba su da abincinsu amma warin garin fure da ya fashe shine yake kiran ƙwaron da zai gama da su, zan zo kansa. Ƙananan ƙudan da basu fara tashi ba zaka gansu farare-farare suna rarrafe a ƙasa, ka tattara su a hankali ka zuba a ciki dan sune masu reno, in an barsu tururuwa ce zata kwashe. Ka ciro kakin tsohuwar ƙofa ka manna a bakin sabuwar, ƙamshin ne zai nuna wa na waje hanya. Ka rufe, ka bi duk wata tsaga da salatif, ka goge duk inda zuma ta ɗiga da ruwa, ka ajiye akwatin daidai inda tsohon gidan yake ƙofa na kallon inda take kallo. Daga nan ka cire hannunka, sati uku ko huɗu banda leƙe ta leda.

Inda za'a ajiye

Inuwa. Rana ta safe ba laifi amma daga hantsi zuwa la'asar kar ta taɓa akwatin, dan kakinsu narkewa yake tuluna su zube akan 'ya'ya, a Ostareliya an san in zafin cikin akwati ya kai digiri 42 gidan mutuwa yake. Sanyi ma basa so, irin su carbonaria basa fita sai zafin gari ya haura digiri 18. Ka yi masa rufi mai faɗi da ya zarce gefe, ka ɗora akan ƙarfe ko katako tsayin rabin mita zuwa mita 1, ka shafa giris a ƙafar saboda tururuwa kuma ka dinga sabuntawa dan ƙura na busar da shi. In akwatunan da yawa ka bada tazarar mita 1 ko fiye, ƙofofin kar su kalli waje ɗaya duka, in ba haka ba ƙuda yana ɓata ya shiga gidan maƙwabta faɗa ya tashi, kuma su in suka cije juna basa saki har su mutu tare.

Ƙananan basa nisa, wajen mita 500 ne iyakar kiwonsu, manyan Melipona ne suke kai kilomita 2. So abinda ke kewaye da kai shine abincinsu, fure kala-kala da bishiyoyi masu fidda ƙaro kaman mangwaro, da ruwa mai tsafta da 'yan tsakuwa a ciki dan su samu wajen tsayawa. Nesa da gonar da ake feshi, jikinsu ƙarami ne magani kaɗan yake kashe su. Nesa da shara da masai kuma, dan wasu irin suna ɗiban laka har da ƙazanta suyi gini. Bishiyar Spathodea mai manyan jajayen furanni da ake shukawa dan ado, a Burazil da Ostareliya an sha samun marar harbi a mace cikin furenta.

In zaka canza wa akwati wuri ko ka dinga matsar da shi ƙasa da mita 1 a rana, ko ka kaishi nesa fiye da inda suke kiwo ya yi sati uku sannan ka dawo da shi sabon wurin. Tsaka-tsaki shine matsala, duk masu fita kiwo tsohon wurin zasu koma su taru su mutu. Da dare ake toshe ƙofa da raga, a ɗauka a tsaye ba girgiza.

Maƙiya

Babban maƙiyi wani ɗan ƙaramin ƙuda ne, ba na zuma ba, mai ƙusumbi da masana ke kira Phoridae, baya son tashi sosai gudu yake a jikin akwati yana tsayawa yana ƙara zabura, in ka ganshi sau ɗaya bazaka manta ba. Warin tsamin garin fure da abincin tsutsa yake bi, macen ta shiga ta zuba ƙwai a tulun da ya fashe, cikin kwana kaɗan tsutsa ta cika gidan komai ya zama ruɓaɓɓen ruwa mai wari. Gida mai ƙarfi da yake a rufe ruf yana korarsa da kansa, wanda ka buɗe jiya ka fasa masa tuluna shine abincinsa. Tarkonsa ruwan khal ne, wato vinegar, na tuffa ya fi, ka zuba kaɗan a 'yar roba mai murfi ka huda ramuka ƙanana da shi zai iya shiga amma ƙudanka bazai iya ba, ka saka a cikin akwatin kwana kaɗan bayan juyawa ko rabawa. In ƙudan naka 'yan mitsi-mitsi ne da zasu iya bi ta ramin toh a waje kusa da akwatin zaka ajiye. Kar ka barshi ya daɗe a ciki in ba ƙwaron, warin da kansa yana iya janyo su. In kuma ka tarar tsutsa ta riga ta shiga, ka cire duk tulun da ta taɓa ka ƙona, ka goge akwatin ko ka canza sabo, ka rage ƙofa ta koma ta ƙuda ɗaya.

Akwai ƙaramin buzuzun amya Aethina tumida wanda asalinsa Afirka ne kudu da Sahara ya bazu duniya, shi ma rauni yake nema, gida mai lafiya liƙe shi suke da ƙaro da ransa ya bushe a wurin. Akwai kuma 'yan fashi a cikin dangin nasu, Lestrimelitta a nahiyar Amurka da Cleptotrigona a Afirka, basa zuwa fure sam sai dai su afka wa gidan wasu su kwashe, na Amurkan warin lemun tsami suke in sun kawo hari. In ka ga haka ka toshe ƙofa da raga na yini ɗaya ko biyu. Ƙadangare da tsaka da kwaɗo kuma bakin ƙofa suke zama suna lashe masu dawowa, ka yanke bakin gorar roba ka kafa a kewayen ƙofar ya hana su matsowa.

Ciyarwa ba kullum bane, sai sabon gida ko lokacin da fure ya ɗauke. Suga da ruwa awo ɗaya-ɗaya, ka tafasa ruwan ka narkar ka bari ya huce, ka zuba kaɗan da zasu shanye a yini ɗaya a ƙaramin murfi cikin akwati da 'yan tsinke a ciki dan kar su nutse, da yamma. Kar ka basu zumar ƙuda mai harbi, tana iya ɗauko musu cuta. Kuma ka dena ciyarwa tun da sauran lokaci kafin ɗiba, in ba haka ba ruwan suga zaka kwasa kace zuma ce.

Raba gida ɗaya ya zama biyu

Sau ɗaya a shekara ya isa, farkon lokacin fure, kuma sai gidan da ya cika akwati da 'ya'ya da abinci. Ka koyi bambance faifai, sabo yana da duhu da taushi dan kakin na nan, shi ƙwai ne da abinci mai ruwa a ciki kar ka taɓa. Wanda ya nuna ya kusa ƙyanƙyashewa haske yake yi kalar rawaya-rawaya dan ma'aikata sun kankare kakin saura kwanson, shi ake ɗauka. A yawancin iri dole ka nemo ɗakin sarauniya, ya fi sauran girma sosai kuma a gefen faifai yake, in babu shi ko budurwar sarauniya a gidan da ka raba toh aikin banza kayi. Melipona dai basu da wannan matsalar, su a ɗaki iri ɗaya suke fidda sarauniyoyi da yawa cikin kowane faifai.

Ka ɗauki nunannun faifai biyu zuwa huɗu da ƙudan da ke kansu ka saka a sabon akwati, ka manna kakin ƙofa, ka ajiye sabon a gurbin tsohon dan masu dawowa daga kiwo su shiga ciki su ƙarfafa shi, uwar kuma ka matsar da ita mita da dama. Masu akwatin OATH su raba shi kawai suke a tsakiya kowane rabi a haɗa masa fanko. Salatif, tarkon khal, ruwan suga washegari. Budurwar sai ta fita barbara, yawanci da namiji ɗaya kuma sau ɗaya a rayuwarta, in ka ga maza sun taru suna shawagi kusa da akwatin alama ce mai kyau, amma kafin ka ga sabon faifai ana iya yin wata ɗaya ko biyu. Kar ka raba kuma ka ɗebi zuma a lokaci ɗaya, ka zaɓi ɗaya.

Ɗiba da ajiya

Shekarar farko ka manta da zuma. Bayan nan daga ɗakin sama kawai zaka ɗiba, tulunan da aka rufe bakinsu, na kusa da 'ya'ya nasu ne. Hanya mafi tsafta sirinji babba sabuwa da ɗan siririn tiyo a baki, ka huda saman tulu da tsinke mai tsafta ka zuƙe ka juye a kwalbar da ka dafa ta bushe, masu gidaje da yawa ƙaramin injin zuƙa suke amfani da shi. Ko ka cire ɗakin zuman ka shiga da shi inda ƙwari basa shiga, ka huhhuda tulunan ka kifa akan mataci ya tsiyaye. In ka huda ka ga abu mai kauri kalar rawaya toh garin fure ne, ka mayar da bakin ka liƙe. Matse tuluna da hannu yanda ake yi a daji yana haɗa zuma da gari da gawar ƙuda, kwana kaɗan zata yi kumfa, kuma ka rusa musu ginin da sai sun ci zuma mai yawa kafin su sake. Tulun da ka zuƙe ka bar musu zasu gyara su sake cikawa.

Ruwan da ke cikin wannan zumar kashi 25 zuwa 35 ne cikin 100, ma'aunin abinci na duniya da ake kira Codex kuwa kashi 20 ya yanke wa zuma, shi yasa ƙasashe suka fara yi mata nata ma'aunin daban, Malesiya ta fitar da nata a 2017 dan zumar da suke kira kelulut. Ma'anar wannan a wajenka shine bata ajiyuwa haka kawai yanda zumar mai harbi take ajiyuwa, in ka rufe ta a kwalba cikin zafi zata yi tsami ta tara iska har murfi ya tashi. Mafi sauƙi firij tun ranar da ka ɗiba. In babu, ka ɗora kwalbar cikin tukunyar ruwan zafi zuman ta kai digiri 63 zuwa 65 na minti 30 ka rufe da zafinta ka sanyaya, ƙamshin zai ɗan ragu amma zata daɗe, kar dai ka tafasa. Wasu suna shanya ta a faranti mai faɗi a ɗakin da na'urar tsotse laima take aiki har ruwan ya sauka. Wasu kuma a Burazil barinta suke ta nuna da kanta, a kwalba a wuri mai duhu ana sassauta murfi lokaci-lokaci iska ta fita ana kwashe kumfa, watanni har ta dena tashi, wannan tsaminta ya fi fitowa kuma akwai masu sonta haka.

A 2020 masu bincike a jami'ar Queensland da abokan aikinsu na Malesiya sun gano wani suga mai suna trehalulose da yawa a cikinta, gram 13 zuwa 44 a kowane gram 100 na samfuran da suka gwada, suga ne da baya saurin hawa jini. Tun daga nan 'yan talla suka samu abin faɗa, amma mai ciwon suga ya sani har yanzu zaƙi ce, ya tambayi likitansa. Jariri da bai kai shekara 1 ba ba'a bashi kowace irin zuma. Masu ɗiga ta a ido kuma, zumar da aka ɗebo ba'a tace ta a ɗakin gwaji ba tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ido ba wajen gwaji bane.

Kakin da ya rage da ƙaron da ka kankaro daga murfi kar ka zubar. Ka wanke kakin da ruwa zuman ta fita ka shanya a inuwa, wani ka ajiye wa sabon gidan da zaka raba dan su samu abin fara gini, sauran ka jefa a kwalbar sifirit na tarkon baɗi.